Sigina da Gurbi: Wane Zare Ne Zai Amsa Kira?

 Ni ɗalibi ne a shekara ta uku a sashen ilmin kwamfuta, saboda haka maganar da zan yi ta wanda ya yi tuntuɓe ce, ya koma ya dubi dutsen da ya buge shi. Batun da na zaɓa shi ne yadda sassan manhaja suke aika wa juna saƙo ta hanyar da ake kira sigina da gurbi, da haɗarin da ke ɓoye cikin wannan hanya sa'ad da manhajar take yin aiki fiye da ɗaya a lokaci guda. Na san da yawa daga cikinku rubuta manhaja ba sana'arsu ba ce. Duk da haka ina roƙon ku saurara, domin gobe waɗansunku ne za su sa hannu a takardar sayen irin waɗannan na'urori don asibiti ko gidan ruwa ko tashar lantarki.

Abin da ya same ni

A zangon karatu da ya wuce aka ba mu aiki, aka ce kowa ya rubuta manhajar da za ta yi wani amfani a zahiri. Ni sai na zaɓi abin da ya fi damunmu a ɗakunan kwana, watau ruwa. Na sami wata 'yar na'ura da ake saka wa tanki, tana auna zurfin ruwa tana aiko da lamba ta waya zuwa kwamfuta, na kuma rubuta manhajar da za ta karɓi lambar ta nuna a allo, in ruwa ya kusa ƙarewa ta fito da jan rubutu. Mako uku cur tana aiki a tsohuwar kwamfutata, ko gezau ba ta yi ba. Ranar gwaji na ɗora ta a kwamfutar malaminmu, wadda ta fi tawa ƙarfi nesa ba kusa ba. Ba a yi minti biyar ba sai allo ya daskare, manhaja ta mutu. Na sake tayar da ita, ta yi minti 20 lafiya ƙalau, sa'an nan ta sake mutuwa. Malam bai yi mini faɗa ba. Ya dubi rubutun, ya sa yatsa a wani layi, ya ce, "Wannan gurbin da ke rubutu a allo, a cikin wane zare yake gudana?" Na buɗe baki na rasa abin cewa, don kuwa ban taɓa tunanin cewa tambayar tana da amsa fiye da ɗaya ba. Wannan tambaya ta malam ita ce dukan laccata ta yau.

Mene ne sigina da gurbi?

Yawancin manhajojin da muke amfani da su aikinsu jira ne. Suna zaune suna sauraren abin da zai auku: a danna maɓalli, ko saƙo ya shigo ta intanet, ko agogo ya cika. In abin ya auku, tilas ne sashen da ya gan shi ya sanar da sashen da zai yi aiki a kai. Dabarar sigina da gurbi hanya ce ta wannan sanarwa. Sashen da ya ga abin yakan saki sigina, kamar yadda sanƙira ke yin shela, ba ruwansa da sanin wanda ke saurare. Sashen da zai yi aikin kuwa yana da gurbi, watau ɗan guntun umurni da aka tanada don amsa kira. Mai rubuta manhaja shi ne yake haɗa wannan sigina da wancan gurbi, kuma yana iya haɗa sigina ɗaya da gurabe da yawa, ko gurbi ɗaya da sigina da yawa.

Waɗanda suka yayata wannan dabara samari biyu ne 'yan ƙasar Norwe, Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng, waɗanda suka fara gina laburaren manhaja mai suna Qt a 1991, suka fito da shi ga jama'a a 1995. A kan Qt aka gina tsarin KDE na Linux tun 1996, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka taɓa kallon fim da VLC a kwamfuta sun danna maɓallan da Qt ya zana. Akwai waɗansu laburare na harshen C++ da ke bin wannan hanya, kamar libsigc++ da Boost.Signals2. Amfanin dabarar a fili yake. Maɓalli bai san kome game da abin da dannawarsa za ta jawo ba, saboda haka ana iya sake fasalin wani sashe ba tare da an taɓa ɗan'uwansa ba. To, amma wannan rashin sanin juna da ake yabo, shi ne kuma ƙofar da matsala ke shigowa, kamar yadda za mu gani.

Mene ne zare?

Zare shi ne jerin umurni guda ɗaya da furosesa ke bi daga farko zuwa ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya. Manhaja mai zare ɗaya kamar ofis ne mai akawu ɗaya: in yana jiran wasiƙa daga gidan waya, duk wanda ya zo taga sai ya tsaya. Shi ya sa ake ƙara zaruruwa, wani ya jira na'ura, wani ya yi lissafi mai nauyi, wani kuma ya kula da allo don kada mai amfani ya ga kamar kwamfuta ta sume. Abin lura shi ne, dukan zaruruwan manhaja ɗaya ma'aji ɗaya suke tarayya a kansa. Abin da wannan ya rubuta wancan yana iya karantawa, yana kuma iya gogewa. Bugu da ƙari, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta tana iya dakatar da kowane zare a kowane lokaci, ko da yana tsakiyar aiki, ta ba wani fili. Tun wajen 2005 kuma, lokacin da kamfanonin Intel da AMD suka fara sayar da furosesa mai cibiya biyu ga kowa da kowa, zaruruwa suna gudana kafaɗa da kafaɗa a daƙiƙa guda.

Ga misalin abin da ke iya faruwa. A ce akawu biyu suna karɓar kuɗin rasit, littafin jimla kuwa ɗaya ne, kuma an rubuta 100 a ciki. Ƙara ɗaya a kan jimla mataki uku ne: a karanta, a ƙara, a rubuta. Na farko ya karanta 100. Kafin ya rubuta, na biyu shi ma ya karanta 100. Na farko ya rubuta 101, na biyu ya zo ya rubuta 101 a kai. Rasit biyu aka yanka, amma littafi ya nuna ɗaya, kuma babu wanda ya yi kuskuren lissafi a cikinsu. Wannan shi ne abin da zan kira rigegeniya, watau halin da sakamako ya dogara ga wanda ya riga wani isa. Ƙa'idar harshen C++ ta 2011, wadda ita ce ta farko da ta yi magana a kan zaruruwa, ta yanke hukunci mai tsanani a nan: in zare biyu suka taɓa wuri ɗaya a ma'aji, ɗayansu yana rubutu, ba tare da an tsara wanda zai riga ba, to harshen bai ɗauki alkawarin kome ba game da abin da manhajar za ta yi. Tana iya ba da amsa daidai sau dubu, a na dubu da ɗaya ta mutu.

Hanyoyin haɗa sigina da gurbi

Yanzu sai mu koma ga tambayar malam. In zare na ɗaya ya saki sigina, gurbin kuwa na wani abu ne da zare na biyu ke kula da shi, wa zai gudanar da gurbin? Tun daga Qt na 4, wanda ya fito a 2005, kowane abu a cikin manhaja yana da zaren da yake zaune a ciki, watau gidansa, kuma akwai hanyoyi dabam-dabam na haɗi.

Hanya ta farko ita ce haɗin kai tsaye. A nan sakin sigina daidai yake da kiran gurbi nan take, kuma zaren da ya saki siginar shi ne zai gudanar da gurbin, ko ina gidan mai gurbin yake. Ku ɗauka masinja ne ya kawo muku saƙo, maimakon ya ajiye ya tafi, sai ya zagayo bayan teburinku ya ɗauki alƙalami ya shiga rubutu a littafinku da kansa, ku kuwa kuna tsakiyar rubutu a shafin nan.

Hanya ta biyu ita ce haɗin layi. A nan laburaren yakan kwafi abin da siginar ke ɗauke da shi, ya ƙunshe shi ya sa a layin jira na zaren mai gurbin. Mai aikowa ya wuce abinsa. Zaren mai gurbin kuwa, sa'ad da ya gama abin da ke hannunsa ya komo ga layinsa, sai ya ɗauki saƙon ya gudanar da gurbin da kansa. Wannan shi ne masinjan da ya ajiye fayil a tire ya fita. Littafin bai taɓa ganin hannu biyu ba.

Hanya ta uku, wadda ake samu in mutum bai zaɓi kome ba, ita ce a bar wa laburaren hukunci. A daidai lokacin sakin sigina yakan gwada zaren da ke gudana da gidan mai gurbin. In ɗaya ne sai ya kira kai tsaye, in sun bambanta sai ya sa a layi. Akwai kuma ta huɗu, inda ake sa saƙo a layi amma mai aikowa ya tsaya cik har sai an gama. Wannan tana da amfani in ana bukatar amsa, sai dai in aka yi ta tsakanin abubuwa biyu na zare ɗaya, zaren zai zauna yana jiran kansa har abada.

To ni ina na yi tuntuɓe? Na buɗe zare na biyu don karanta na'urar tanki, wannan daidai ne. Amma da na zo haɗa siginarsa, sai na haɗa ta da wani guntun umurni marar suna, ban faɗi abin da ya mallake shi ba. Da yake laburaren bai ga mai gurbin ba balle ya san gidansa, sai ya kira kai tsaye. Ashe zaren tanki ne ke rubutu a allo, alhali dokar Qt ta ce tagogi da maɓallai da dukan kayan allo babban zare kaɗai ke taɓa su. A tsohuwar kwamfutata zaruruwan biyu ba su cika haɗuwa a wuri ɗaya ba. A ta malam mai cibiyoyi da yawa kuwa sai suka yi karo. Gyaran bai kai rabin layi ba: na ambaci mai gurbin, saƙo ya koma bin layi. Amma gano shi ya ci mini kwana huɗu.

Inda alkawarin laburare ya tsaya

Sau da yawa za ku ji an ce wannan laburare amintacce ne ga zaruruwa, sai mutum ya saki jiki. Ya kamata a tambaya: amintacce a kan me? Laburaren yana da nasa littafi, watau jerin gurabe da aka haɗa da kowace sigina. In wani zare yana bin jerin yana kira, wani kuma yana cire gurbi daga ciki, jerin na iya wargajewa. Wannan shi ne abin da laburaren ya yi alkawarin karewa. Alal misali, tsohon Boost.Signals ba shi da wannan kariya, sai aka sake gina shi aka fito da Boost.Signals2 a 2009, wanda ke sa wa jerin kwaɗo duk lokacin da za a taɓa shi. Amma abin da gurbinka ke yi da naka bayanai, wannan wuyanka yake. Boost.Signals2 ma ba shi da layin jira ko kaɗan, kullum zaren da ya saki sigina shi ke gudanar da gurabe.

Haɗari na farko ke nan, watau taɓa bayanai ɗaya daga zare biyu. Ko haɗin layi ma bai raba mutum da shi gaba ɗaya ba. In abin da siginar ke ɗauke da shi adireshin wani wuri ne a ma'aji, to adireshin aka kwafa, wurin kuwa yana nan guda ɗaya, kuma mai aikowa na iya ci gaba da sauya abin da ke ciki kafin mai karɓa ya iso.

Haɗari na biyu shi ne mutuwar mai gurbin. A ce mai amfani ya rufe taga, babban zare ya share ta daga ma'aji, a daidai lokacin da wani zare ya riga ya ɗauko gurbinta zai kira. Kiran zai sauka a kango, ko kuma, abin da ya fi muni, a wurin da aka riga aka ba wani sabon abu. Mutum zai ce ai sai in raba haɗin kafin in share. Amma a Boost.Signals2 umurnin raba haɗi ba ya jiran gurbin da ya riga ya fara gudana a wani zare, yana hana kira na gaba ne kurum. Maganin da suka kawo shi ne a sa siginar ta riƙa bibiyar ran mai gurbin, ta riƙe shi da rai muddin gurbin na gudana, in kuwa ya riga ya mutu ta raba haɗin da kanta. Qt kuma ya tanadi umurnin sharewa na jinkiri, wanda shi ma saƙo ne da ake sawa a layin zaren mai abin, don gidansa ya share shi da hannunsa sa'ad da ya natsu.

Haɗari na uku daga maganin kansa yake fitowa. Tun 1965 wani masani ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya bayyana dabarar da zaruruwa za su riƙa ba juna hanya, ya kuma aro mata suna daga alamar da ke tsayar da jirgin ƙasa. Jikanyar wannan dabara ita ce kwaɗon da muke amfani da shi yau: zare ya kulle, ya taɓa bayanai, ya buɗe. Amma a ce zare na ɗaya ya kulle kwaɗo na farko, yana riƙe da shi ya saki sigina, gurbin da ya amsa kuwa yana bukatar kwaɗo na biyu. A can gefe zare na biyu yana riƙe da kwaɗo na biyu yana jiran na farko. Shi ke nan an yi cirko-cirko, ba mai gaba ba mai baya, kuma babu wani saƙon kuskure da zai fito. Mai sakin sigina bai san wanda ke saurare ba, saboda haka bai san kwaɗon da gurbin zai nema ba. Wannan ne dalilin da ya sa Boost.Signals2 ke buɗe nasa kwaɗo kafin ya kira kowane gurbi.

Haɗari na huɗu na layin ne. In mai aikowa yana sakin sigina 1,000 a daƙiƙa, mai karɓa kuwa 200 yake iya gamawa, layin zai yi ta tsawo, abin da ke allo zai zama tsohon labari, a ƙarshe ma'aji ya cika.

Abin da irin wannan kuskure ya taɓa jawowa

Wataƙila wani zai ce, mutuwar manhajar tankin ɗalibai wace tsiya ce? Bari in kawo abubuwa biyu da suka faru a Amurka da Kanada. Ba da Qt ko Boost aka rubuta manhajojinsu ba, amma cutar iri ɗaya ce.

Na farko shi ne Therac-25, na'urar ƙona ciwon daji da hasken radiyeshan, wadda kamfanin makamashin nukiliya na gwamnatin Kanada ya ƙera. Tsakanin 1985 da 1987 ta haska wa majiyyata shida abin da ya ninka ƙa'ida sau da yawa, kuma aƙalla uku sun rasu saboda haka. Biyu daga cikin haɗuran a garin Tyler na jihar Tekzas suka auku a 1986. Na'urar tana da aiki iri biyu, ɗaya mai rauni da ake haskawa kai tsaye, ɗaya mai ƙarfi ƙwarai wanda sai an gitta masa wani ƙarfe. A cikin manhajar akwai sashen da ke karɓar abin da ma'aikaci ya buga, akwai kuma sashen da ke daidaita maganaɗisun na'urar, wanda ke ɗaukar kimanin daƙiƙa 8, kuma dukansu suna tarayya a kan bayanai ɗaya. In ma'aikaci ya zaɓi aiki mai ƙarfi bisa kuskure, ya gyara cikin waɗannan daƙiƙoƙi, sashe na biyu ba ya ganin gyaran. Allo ya nuna abu ɗaya, na'ura ta yi wani, abin da kawai ya fito shi ne saƙon matsala mai lamba 54. Da farko kamfanin ya kasa maimaita matsalar, domin masu gwajinsa a hankali suke bugawa. Sai da masanin fizis na asibitin ya zauna da ma'aikaciyar da hannunta ya saba, suka yi ta bugawa da sauri, sa'an nan abin ya fito fili. Na'urorin da suka gabace ta suna da makaran ƙarfe da lantarki da ke hana irin wannan, amma a Therac-25 an cire su an dogara ga manhaja. Nancy Leveson da Clark Turner sun wallafa cikakken bincike a kan wannan a 1993, kuma har yau ana karantar da shi.

Na biyu ya fi kusa da batunmu, don kuwa a sashen sanarwa ya auku. Ran 14 ga Agusta 2003, da ƙarfe 2:14 na rana, manhajar ƙararrawa ta ɗakin kula da wutar lantarki na kamfanin FirstEnergy a jihar Ohayo ta tsaya cik saboda rigegeniya tsakanin sassanta. Ba ta mutu ba balle a lura, shiru kawai ta yi. Saƙonnin da ba a karɓa ba suka yi ta taruwa a layi har babbar kwamfutar ta faɗi, ta ko-ta-kwana ta gaji tulin ita ma ta faɗi. A wannan tsakani manyan wayoyin wuta suna ta saki saboda zafi suna taɓa itatuwa suna katsewa, ma'aikata kuwa fiye da sa'a guda ba su san ƙararrawarsu ta daina aiki ba. Jim kaɗan bayan ƙarfe 4 wuta ta ɗauke wa mutum kimanin miliyan 50 a jihohi takwas na Amurka da lardin Ontariyo na Kanada. Kwamitin binciken ƙasashen biyu ya lissafa dalilai da dama, har da rashin sassabe itatuwa, saboda haka ba manhaja kaɗai ke da laifi ba. Amma ita ce ta rufe wa masu tsaro ido a lokacin da gyara ke da sauƙi.

Abin da ya kamata mu riƙe

Daga waɗannan duka darasi ɗaya na ɗauka, shi ne kuma nake so in bar muku. Kowane bayani a cikin manhaja ya kasance yana da zare ɗaya da ya mallake shi, sauran kuwa in suna da bukata su aika masa saƙo ta layi, saƙon kuma ya zama kwafi wanda mai aikowa ba zai sake taɓawa ba. Wannan ra'ayi ba sabo ba ne. Tony Hoare ya shimfiɗa shi a wata maƙala a 1978, harshen Erlang da kamfanin Ericsson ya fara ginawa a 1986 don na'urorin tarho a kansa ya tsaya, harshen Go na 2009 shi ma ya bi sahu. Haɗin layi na Qt wannan ra'ayin ne a cikin rigar sigina da gurbi.

Ga 'yan'uwana masu rubuta manhaja, ina ba da shawara kamar haka. Duk haɗin da kuka yi, ku rubuta a gefensa zaren da gurbin zai gudana a ciki, in kun kasa rubutawa to ba ku gama aikin ba. Kada ku bar gurbi ba mai shi. Kada ku saki sigina kuna riƙe da kwaɗo. Ku bar gidan kowane abu ya share shi. Ku tuna kuma cewa a Qt abin da ke wakiltar zare ba a cikin sabon zaren yake zaune ba, yana gidan wanda ya ƙirƙire shi ne, saboda haka gurabensa a tsohon zare suke amsa saƙon layi. Wannan rami ya cinye ɗalibai da yawa. Daga nan sai ku gwada aikinku da kayan farautar rigegeniya, irin su ThreadSanitizer da ke cikin GCC da Clang, ko Helgrind na Valgrind. Suna rage wa manhaja gudu ƙwarai, amma suna iya kama zare biyu da suka taɓa wuri ɗaya ba tsari ko da karon bai kai ga ɓarna a wannan gwajin ba.

Ga yayyenmu ma'aikata kuwa, in ɗan kwangila ya zo ya kunna muku manhaja ta yi aiki sumul a gabanku, ku tuna tawa ta yi mako uku. Dijkstra ya daɗe da jan kunne cewa gwaji na iya nuna akwai kuskure, amma ba ya iya nuna babu. Ba sai kun iya C++ za ku yi tambaya ba. Ku ce masa: in abubuwa biyu suka auku a daƙiƙa ɗaya, wanne za a fara yi, kuma me ya tabbatar da haka? In saƙonni suka fi ƙarfin mai karɓa, ina za su taru, kuma wa zai sani? In ƙararrawar kanta ta yi shiru, mece ce za ta gaya mana? In na'urar tana iya cutar da mutum, akwai makari na ƙarfe ko na lantarki wanda ba ya jiran izinin manhaja? Wanda ya san aikinsa zai amsa waɗannan da misali a kan takarda. Wanda ya ce muku ai laburaren da muka yi amfani da shi amintacce ne, to ku riƙe alƙalaminku tukuna, don kun riga kun ji inda alkawarin laburare ya tsaya.

Malam Shugaba, manhajar tankin nan tana aiki har yanzu, kuma malam ya ba ni makin da ya fi abin da na zata, ya ce don kwana huɗun da na yi ina nema ne. Ruwan ɗakunanmu dai bai ƙaru ba, amma yanzu muna sanin lokacin da zai ƙare.